Tes ɗin da bai zo ba, da yadda na koyi auna ɗan aiken da ke rubuta mana bayanin sabuntawa

Mu uku ne a wannan aiki, cikin wani ɗaki da muka kama haya a saman bene a Aboabo, nan Kumasi. Manhajarmu ba wata babba ba ce: katin masu karɓar susu ne muka mayar cikin waya. Ga wanda bai zauna Gana ba, susu ba adashi ba ne irin na karɓa-karɓa. Mai susu yana bin kasuwa kullum rumfa-rumfa, ya karɓi sidi goma nan, sidi ashirin can, ya sa alama a kati. Wata ya cika ya mayar wa kowa kuɗinsa, ya riƙe zubin kwana ɗaya ladan zirga-zirgarsa. Ba shi da jarin da ya wuce amana. Ranar da aka fara raɗe-raɗin cewa lissafinsa ba ya cika, ranar sana'ar ta mutu.

Duk mako biyu muna fitar da sabuwar siga, kuma duk fitarwa sai an rubuta bayanin abin da ya canza. Akwai gajere na Play Store, wanda Google bai yarda ya wuce haruffa 500 ba a kowane harshe, akwai kuma mai ɗan tsawo da muke turawa zauren WhatsApp na masu amfani da manhajar, da Turanci da Hausa. Ni aka ɗora wa wannan, don ni ne ƙarami, kuma wai na fi su Hausar boko. Aiki ne da kowa ke gudu. Daren Alhamis, an gaji liƙis, sai ka zauna kana bin komit sittin ko saba'in a Git, wato rajistar da muke adana kowane canjin da aka yi wa kod ɗin manhajar tare da ɗan saƙon wanda ya yi shi, kana ƙoƙarin gano me abokin aikinka yake nufi da kalma biyun da ya rubuta kwana goma da suka wuce.

A watan Oktoban 2025 kamfanin Anthropic ya fito da wani tsari na koya wa 'yan aiken ƙirƙirarriyar basira sana'a, wato manhajojin AI da ake ba aiki su yi da kansu. Abin ba wuya: kowace sana'a, wadda ake kira ƙwarewa, jaka ce a kwamfuta, cikinta fayil mai suna SKILL.md. A samansa akwai suna da ɗan taƙaitaccen bayani na abin da ƙwarewar ke yi da lokacin da za a ɗauko ta. A ƙasa kuma umarni ne, kamar yadda za ka rubuta wa sabon yaron shago. Kana iya ƙara misalai da ƙananan shirye-shiryen kod a jakar. Ɗan aiken ba ya karanta komai tun farko. Sunan da taƙaitaccen bayanin kawai yake gani, sai in aikin da aka ba shi ya dace da su sannan ya buɗe sauran. A Disamba aka mayar da tsarin na kowa da kowa, wasu kamfanoni ma suka ɗauka.

Da na ji haka na ce to, Alhamis ɗina ta kuɓuta. Cikin mako guda na tara ƙwarewa uku. Ɗaya na sauko da ita daga intanet, doguwa, an tsara ta tsaf. Ɗaya Yaya ne ya rubuta, wato babbanmu a ofis, layi goma sha biyu kacal, kamar yadda yake magana. Ta ukun tawa ce.

Awon farko da na yi, in ma za a kira shi awo, ga shi: na ba kowacce komit ɗin makon, na karanta abin da suka fitar ina shan koko da ƙosai, na zaɓi wanda ya fi daɗin karatu. Ta intanet ce ta ci. Jimlolinta sumul, ga kanun magana, ga fara'a. Sau biyu muka fita da ita lafiya lau. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, haka na gaya wa kaina.

A fita ta uku, ranar wata Talata bayan la'asar, muka ji takun mutum a matakala, a hankali, ana hutawa. Hajiya ce, sa'ar mahaifiyata, wadda ta fi shekara ashirin tana karɓar susu a Alabar da gefen Kejetia. Ba ta taɓa hawa benenmu ba. Muka ba ta kujera da ruwa, ta ƙi sha.

"Ɗana, me na yi muku?"

"Subhanallahi, Hajiya, lafiya?"

"Kwana huɗu ke nan ba wanda ya ga tes. Ina karɓar kuɗin mutane, wayarsu shiru. Mai goron nan da muke tare tun ba a haife ka ba, yau ya ce in nuna masa kati. Ni. A gaban yaransa."

Ta miƙo wayar. Kuɗi duk sun shiga lissafi, ko kwabo bai ɓata ba. Abin da ya tsaya shi ne saƙon shaidar karɓa da manhajar ke tura wa mai zubi da zarar an rubuta kuɗinsa. Wasu masu susu sun yi ta kukan kuɗin tes yana cinye musu riba, sai muka sa masa makunni a cikin saiti, kowa ya kunna in yana so. Bayan sabuntawa makunnin a kashe yake zuwa. Mu mun sani. Hajiya ba ta sani ba, domin ga abin da bayaninmu ya ce: mun ƙara wa manhajar sauri, mun kawar da wasu ƙananan matsaloli, domin aikinku ya ƙara sauƙi. Kuma ni na karanta shi, na ji daɗinsa, na tura.

Na kunna mata makunnin cikin daƙiƙa biyar. Washegari Yaya ya bi ta kasuwa da kansa, rumfa-rumfa, yana faɗa wa mutane laifin namu ne.

Da na koma na bi sawu, sai na ga ɗan aiken bai saɓa umarni ko ɗaya ba. Akwai wata al'adar rubuta komit da ake kira Conventional Commits, inda kake fara saƙon da laƙabi: feat in sabon abu ne, fix in gyara ne, refactor in ka sake fasalin kod ba tare da canza halinsa ba. Ƙwarewar ta intanet ta ce a tattara na farko da na biyu, a zubar da sauran. Abokin aikinmu na uku kuwa ya laƙaba wa canjin tes ɗin refactor, don a wurinsa matsar da kod ya yi daga wani wuri zuwa wani. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Har lambar sigar ta taya mu ɓoyewa: daga 2.8.1 muka koma 2.8.2, alhali a tsarin lambobin da Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya shimfiɗa, lamba ta uku ta ƙananan gyare-gyare ce da ba sa canza wa mai amfani komai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ko sau ɗari na karanta wancan bayanin ba zan ga aibinsa ba. Aibin ba ya cikin rubutun. Yana cikin abin da ba a rubuta ba, kuma ido ba ya ganin wannan sai in da ma ka san me kake nema.

Don haka na juya aikin. Na ɗauko tsofaffin fitarwa goma sha huɗu, tun daga farkon 2025. Kafin in bar kowane ɗan aike ya taɓa su, na zauna da biro da takarda na ja layi a tsakiya: hagu, abin da dole a faɗa, dama, abin da bai kamata a faɗa ba. Dare uku na yi a kai, ɗaya da fitilar waya don an ɗauke wuta. Ban dogara da saƙonnin komit ba, tunda su suka yaudare mu. Na buɗe ainihin canjin kod. Amma inda na fi samun amfani shi ne zauren WhatsApp. Na koma baya na saurari saƙonnin murya da suka shigo kwana uku bayan kowace fitarwa. "Ina maɓallin nan ya tafi?" "Me ya sa yanzu sai na sa lambar sirri sau biyu?" Kowace tambaya irin wannan layi ce da bayaninmu ya kamata ya ƙunsa bai ƙunsa ba. Ashe mutanenmu sun daɗe da rubuta mana takardar amsa, mu ne ba mu ɗauka ba.

Sannan na ƙara ɗan takara na huɗu: ɗan aiken tsurarsa, ba ƙwarewa ko ɗaya, umarni layi guda. Yaya ne ya kawo wannan. Ya ce, "Kai, in ba ka san nauyin buhu ba, ta ina za ka san nauyin gero?" Kowane ɗan takara na sa shi ya yi kowace fitarwa sau uku, kowane karo a sabon zama, don waɗannan na'urori ba sa maimaita magana ɗaya sau biyu. Goma sha huɗu sau huɗu sau uku, bayani 168 ke nan. Yaya ya cire musu suna ya cakuɗa, don kada in ga tawa in yi mata sassauci.

Sakamakon ya kunyata ni. A wajen tsallake abin da dole a faɗa, ɗan aiken da ba shi da ƙwarewa ya fi ta intanet, don shi ba wanda ya ce masa ya zubar da komai. Matsalarsa surutu ce: ya wuce haruffa 500 kusan kullum, kuma yana ambato sunayen fayiloli da ba ruwan mai susu da su. Tawa, wadda na ɓata kwana biyu ina yi wa ado, da ƙyar ta bambanta da shi. Ta Yaya mai layi goma sha biyu ta fi kowa, saboda layi ɗaya tal: kada ka yarda da saƙon komit, buɗe canjin ka gani.

Ƙirƙirar ƙarya kuwa iri biyu na gani. Akwai ta cika baki: an ƙara sauri, an inganta tsaro, alhali ba komit ko ɗaya da ya taɓa sauri ko tsaro. Ta intanet ta fi kowa wannan, kuma na gano dalili: misalan da ke cikinta duk suna rufewa da irin wannan jimla, ɗan aiken kuwa misali yake bi fiye da umarni. Iri na biyu ya fi hatsari, shi ne gaskiyar da aka karkatar. Harajin tura kuɗi ta waya da aka fi sani da E-Levy ya fara aiki a Mayun 2022 a kan kashi 1.5 cikin ɗari, aka rage shi zuwa kashi 1 a Janairun 2023, aka soke shi a Afrilun 2025. Manhajarmu tana nuna wa mai susu ƙiyasin harajin in zai mayar wa mutum kuɗinsa ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, don haka da aka soke muka cire lissafin. Komit ɗin kalma uku ne. Biyu daga cikin 'yan takarar suka rubuta cewa mun cire cajin tura kuɗi. Mu wa? Gwamnati ce ta soke haraji, cajin kamfanin waya yana nan daram. Da wannan ya fita, da masu zubi sun tsare masu susu suna neman cikon kuɗinsu.

A ɓangaren dama na takardata, abin da bai kamata a faɗa ba, fitarwa ɗaya ce ta fi tayar mini da hankali. Mun taɓa toshe wata kafa da za a iya bi a tsallake lambar sirri. Uku daga cikin huɗun suka bayyana kafar dalla-dalla, har da matakan. Na fahimci daga ina suka ɗauko. Tsarin Keep a Changelog na Olivier Lacan, wanda masu kod da yawa ke bi, yana da kanu shida, na ƙarshe na tsaro ne, kuma tsakanin masu kod faɗin gaskiya a nan abin yabo ne. Amma mutanenmu sukan yi makonni ba su sabunta ba, suna jiran su samu data ko su je inda akwai wayifai. Ka rubuta yadda ake buɗe ƙofar alhali rabin gari bai canza kwaɗo ba, ai talla ka yi wa ɓarawo.

Ana cikin haka na ci karo da abin da ya bayyana mini me ya sa tawa ta yi kama da ta tsura. Na duba tarihin zaman, sai na ga a lokuta da dama ɗan aiken bai ma buɗe jakar ba. Taƙaitaccen bayanin da na sa a sama da Turanci yake, kalma huɗu. Ni kuma in zan ba da aiki yadda nake magana nake rubutawa: rubuta mini abin da za mu sa a Play Store, ko, me za mu gaya wa mutanen WhatsApp. Bai ga alaƙa ba, ya yi gaban kansa. Wato kwana da kwanaki ina ba da maki ga ƙwarewar da ba ta shiga fili ba. Na faɗaɗa bayanin, na sa irin kalmomin da muke faɗa da bakinmu. Sai ta koma shiga sharo ba shanu: na ce a rubuta wa wani mai susu wasiƙar tunin biyan kuɗi, ta fito da kanun sabbin abubuwa da gyare-gyare. Dole na yi wani ƙaramin gwaji dabam, buƙatu ashirin, goma da ya kamata su tashe ta, goma da bai kamata ba, ina gyara bayanin har ta daidaita.

Ban karanta 168 ɗin nan ni kaɗai ba, ƙarya ne in ce haka. Na sa wani ɗan aiken ya yi alƙalanci. Da farko na ce ya ba kowanne maki daga ɗaya zuwa goma. Kusan kowa bakwai ko takwas, kuma dogaye sun fi samu, har da masu ƙarya a ciki. Irin kuskuren da na yi da kokona a hannu, shi ya maimaita. Da na haɗa masa biyu na ce ya zaɓa, na sauya musu wuri na sake tambaya, wani lokacin sai ya sauya ra'ayi. Sai da na daina tambayarsa wanne ya fi kyau. Na ba shi takardata, na mayar da kowane layi tambayar e ko a'a: an faɗi cewa tes a kashe yake zuwa? An faɗi inda ake kunna shi? Akwai jimlar da ba ta da komit a bayanta? Na ɗauki talatin na yi musu hukunci da hannuna na gwada da nasa. Inda muka saɓa, sau biyu ni ne na yi kuskure.

Ƙirgar haruffa ban bar wa kowa ba. Ɗan aike zai ce maka 480 ne, ka ƙirga ka samu 530. Na rubuta kod layi biyar na jefa cikin jakar, ƙwarewar ta ce a gudanar da shi kafin a miƙa aiki. Shi ke nan.

Hausar kuma labari ce mai zaman kanta. Kanun gyare-gyare ya taɓa fitowa a matsayin "Kafaffe". Susu kullum adashi yake zama. Sau ɗaya ma sidi ya rikiɗa ya koma naira, abin da ya sa Yaya dariya har da hawaye, ko da yake ba abin mamaki ba ne, tunda yawancin Hausar da ke intanet daga Najeriya take. Hausar zango tana da kalmominta, kuma mai karatu a Asawase ko Nima ta Ankara, Ankara tamu ba ta Turkiyya ba, in ya ga Hausar jarida tsantsa sai ya ji kamar ba da shi ake ba. Na buɗe fayil na biyu a jakar, kalmomi kamar arba'in: wannan muke cewa, wancan ba ma cewa.

Ƙwarewar da muke aiki da ita yanzu a kan ta Yaya aka gina ta, ba tawa ba. Tana buɗe ainihin canjin. Kan kowanne tana amsa tambaya ɗaya: gobe da safe in mai susu ya buɗe waya, me zai gani dabam? Duk abin da ke buƙatar mutum ya taɓa wani abu da hannunsa, shi ne layin farko. A daftari kowace jimla tana zuwa da lambar komit ɗinta a gefe, in duba sannan in goge. Gyaran tsaro jimla ɗaya yake samu, a sabunta yau, ba ƙarin bayani. In ba ta gane canji ba, ta tambaya, kada ta yi hasashe. Wannan na ƙarshen yana da tsada: daren Alhamis yanzu tambayoyi huɗu ko biyar take jefo mana, abokin aikinmu na uku yana ta ƙorafin cewa mun ɗauki yaron shago ya zama mai gida. Amma ya daina rubuta komit mai kalma biyu.

Cikin goma sha huɗun har yanzu akwai guda da take faɗuwa a kai duk sanda na gwada. Canji ne da muka yi a saba, wato kwamfutar da manhajar ke hulɗa da ita ta intanet, ba a cikin kod ɗin manhajar ba, don haka ba ta da inda za ta gan shi. Na bar shi cikin gwajin da gangan. Duk lokacin da muka taɓa ƙwarewar, ko aka sabunta ɗan aiken kansa, sai na sake gudanar da duka, kuma fitarwar tes ɗin Hajiya ita ce ta goma sha biyar.

Mataki na ƙarshe ba a kwamfuta yake ba. Safiyar Juma'a kafin mu tura, nakan hau pragya, babur mai ƙafa uku, in sauka Alabar in nemi Hajiya, yawanci wajen masu goro. In karanta mata daftarin Hausar da baki, tunda yawancin mutanenmu da murya za su ji shi, sannan in tambaye ta abu ɗaya: gobe me za ki yi dabam? In ta faɗa daidai, mu tura. Makon jiya ta saurara tana ƙirga canji, ta ce za ta shiga saiti ta zaɓi ranar rufe wata. Daidai ne. Na juya zan tafi ta kira ni.

"Ɗana, wannan na farkon, muna farin cikin sanar da ku. Cire shi. Suna ake yi ko biki?"

Mai goron yana gefe yana yayyafa wa huhunsa ruwa. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya ciro ya duba, ya mayar, ya ci gaba da yayyafi.